Santsin Randa Da Gyambon Da Ya Ƙi Warkewa

Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin randa domin ya wanke ta ya san abin da zan faɗa. Ruwan da ke ciki garau yake, ana sha ana ba baƙo, amma da yatsa ya taɓa jikin randar daga ciki sai a ji wani santsi kamar an shafa miyar kuɓewa. A ɗauraye sau uku, yana nan. Sai an sa soso an dirje kafin ya fita, bayan 'yan kwanaki kuma ya komo. Haka nan in mutum ya tashi da safe ya bi haƙoransa da harshe, zai ji wani abu ya lulluɓe su wanda kurkurar baki kaɗai ba ta fid da shi.

Yawancinmu mun ɗauka dauɗa ce kurum. Alhali wannan santsi gari ne guda na ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Sun manne wa wuri ɗaya, sun hayayyafa, sun kuma lulluɓe kansu da wani abu mai danƙo da su da kansu suka yi. Masana suna ce da shi bayofim, amma a nan za mu kira shi yauƙi, gama sunan ya dace da shi. Na randa sau da yawa ba ya yi wa kowa kome. Sai dai irinsa ne yake kafuwa a cikin gyambo, da cikin robar fitsari da ake sa wa marar lafiya, da cikin kunnen yaro mai zubar da mugunya shekara da shekaru. A can kuwa ya kan ci ƙafa, wani lokaci ma ya ci rai.

Abin da ya sa na bi diddigin wannan magana shi ne ƙafar wani kawuna. Fartanya ce ta sare shi a ƙwauri wajen noman farko, ciwo ɗan kaɗan, amma damina ta wuce, kaka ta wuce, bai rufe ba. Kafso kuwa babu irin wanda bai sha ba. In ya sha na kwana biyu ko uku sai ruwan ciwon ya tsaya, warin ya ragu, ya ce ya warke, ya ajiye sauran domin wata rana. Bayan mako biyu abu ya komo sabo. Da muka kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ba ta fara da allura ba. Sai ta ɗauko almakashi da auduga da ruwan gishiri, ta shiga kankare fuskar ciwon har jini ya fito. Tsoho ya haɗa gumi, ya ce, "'Yata, allura na zo a yi mini, ba fiɗa ba." Ta ce, "Yi haƙuri Baba, in ban cire wannan abin da ya rufe ciwon ba, ko allura ɗari aka yi maka ba za ta kai inda ake so ba." Mu da muka raka shi ranmu ya ɓaci a ranar, har wani a cikinmu ya ce rashin tausayi ne. Daga baya na gane ita ce mai gaskiya. Dalilin gaskiyarta kuwa yana jikin ƙwayar bakteriya, a ganuwar da ta kewaye ta.

Mutumin da ya fara ganin waɗannan halittu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft ta ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake goge gilasai da hannunsa yana yin madubin ƙara girman abu. Ran 17 ga Satumba, 1683, ya rubuta wa babbar ƙungiyar masana ta Landan wasiƙa, yana ba da labarin farin abin da ya kankaro daga tsakanin haƙoransa, da na waɗansu tsofaffi biyu da ba su taɓa goge baki ba. Ya ce ya ga 'yan halittu ba iyaka suna motsi a ciki. Ya kuma yi wani gwaji. Ya kurkure bakinsa da ruwan inabi mai tsami ƙwarai, ya sake kankarowa ya duba, sai ya tarar da yawa suna nan da ransu. Amma da ya narkar da dattin cikin ruwa, ya ɗiga masa wannan ruwan tsami, nan take suka mutu. Daga nan ya gane cewa na bisa kaɗai tsamin ya kashe a bakinsa, bai ratsa ciki ba. Abin da ma'aikaciyar jinyar nan ta faɗa wa kawuna ke nan, da shekara fiye da 300 a tsakaninsu.

Duk da haka an daɗe ba a kula da zancen ba. Tun zamanin Robert Koch, Bajamushen da ya gano ƙwayar tarin fuka cikin 1882, masana sun saba su ware ƙwaya iri ɗaya su rene ta a ɗakin gwaji, sau da yawa cikin romo a kwalba, inda take yawo tana cin abinci a wadace. A kan irin waɗannan ƙwayoyi 'yan gata aka gwada yawancin magungunan da muke sha. Sai cikin shekarun 1970 wani masani ɗan Kanada, William Costerton, da abokan aikinsa suka duba rafukan kan duwatsu, suka ga bakteriyar da ke manne a jikin dutse ta fi wadda ke yawo cikin ruwan yawa nesa ba kusa ba. Cikin 1978 suka buga bayani a kan yadda bakteriya take mannewa. Tun daga nan aka soma gane cewa zaman mannewa shi ne zaman da ta fi yi a duniya, yawon kuwa na ɗan lokaci ne, irin na mai neman wurin da zai kafa gida.

Yadda Ganuwar Take

Ƙwayar bakteriya ƙarama ce ainun. In aka jera guda 1,000 na ƙwayar maruru a layi, wajen milimita 1 za su kai. Cikinta cike yake da gishiri iri iri da sauran kayan rayuwa, saboda haka ruwan waje kullum yana neman kutsawa ciki, ƙwayar tana cika kamar tayar da ake ta buga wa iska. A waɗansu irin, matsin da ke ciki ya ninka na tayar mota sau da dama. Abin da ya hana ta fashewa shi ne ganuwa. Saƙa ce kamar ta zana: dogayen zaruruwa na wani irin sukari, an ɗaure su da juna da gajerun igiyoyi na sinadarin gina jiki, har suka zama raga ɗaya wadda ta kewaye ƙwayar gaba ɗaya. Masana suna kiran wannan saƙa feftidogilaikan. Jikin mutum ba shi da irinta ko kaɗan. Shi ya sa fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano cikin 1928, yake iya kashe ƙwayar ya bar mai shansa lafiya, in ba wanda jininsa bai karɓe shi ba. Aikinsa shi ne ya hana ɗaure igiyoyin nan sa'ad da ƙwaya take faɗaɗa ganuwarta domin ta rabu biyu, sai ganuwar ta yi rauni, ƙwayar ta fashe. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu komo kansa: fenisilin mai gini yake kamawa.

Manyan kashin ganuwar biyu ne. Cikin 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, yana aiki a Balin, ya rina ƙwayoyi da launin shunayya, irin na maganin nan GV da ake shafa wa ƙurji, ya bi da aidin, sa'an nan ya wanke da sifirit. Waɗansu suka riƙe rinin, waɗansu suka sake shi. Daga baya aka gane dalili. Masu riƙe rini ganuwarsu mai kauri ce, saƙa bisa saƙa, tana fuskantar waje kai tsaye. Masu sakin rini tasu siririya ce, amma suna da riga ta biyu daga waje, mai maiƙo. Har yau wannan rini yana cikin gwajin farko da ake yi a ɗakin awo na asibiti in an kai mugunya. Ƙwayar maruru, Staphylococcus aureus, tana cikin kashin farko. E. coli, wadda ta fi kowace kawo ciwon mafitsara, tana cikin na biyu.

To, yaya abu ƙanƙane haka zai tsaya a jikin roba ko gilashi ko haƙori, ruwa yana gudu a kansa? Abin ma ya fi haka wuya. Kowa ya san batir yana da kai biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. A sha'anin lantarki kuwa iri ɗaya ba sa shiri, tunkuɗe juna suke yi, kamar yadda mayen ƙarfe biyu suke yi in an haɗa su ta fuska iri ɗaya. Fatar bakteriya cajin ɗebewa gare ta. Yawancin abubuwan da take so ta manne wa, in suna cikin ruwa, su ma haka suke. In da ta wannan ne, da mannewa ta yi mata wuya ƙwarai.

A jikin ganuwa mai kauri akwai waɗansu dogayen zaruruwa da suka leƙo waje, waɗanda James Baddiley da mutanensa suka gano a Newcastle ta Ingila cikin 1958. Suka sa musu suna taikoyik, daga kalmar Helenanci mai ma'anar ganuwa. Su ne suke ɗauke da yawancin cajin ɗebewar. Amma ƙwayar tana da dabara. Ta kan rataya musu wani ɗan sinadari mai suna alanin, mai cajin tarawa, nan da can, sai ƙarfin tunkuɗar ya ragu, ta samu ta matso ta jingina. Cikin 2001 masana a jami'ar Tübingen ta Jamus suka ɗauki ƙwayar maruru, suka lalata mata wannan dabara ita kaɗai, suka bar mata sauran kayanta duka. Ƙwayar ta ci gaba da rayuwa, tana ma iya fitar da danƙonta yadda ta saba, amma ta kasa kama jikin gilashi ko roba. Tun da ba kamu, gari bai kafu ba. Ɗan canji kaɗan a fuskar ganuwa, shi ke nan.

Wannan kamun farko mai rauni ne, ruwa na iya ɗauke ta. Kamu na biyu na ƙugiya ne. Cikin 1999 Olaf Schneewind da ɗalibansa a Los Anjeles ta Amurka suka gano wani sinadari a jikin ƙwayar maruru mai suna sotes, wanda aikinsa kamar na baduku ne: ya ɗauki ƙugiyoyin da ƙwayar ta ƙera a ciki, ya ɗinke su a jikin ganuwa, bakinsu yana kallon waje. Kowace ƙugiya da abin da take kamawa, wata sinadarin da ke daskarar da jini, wata zaren da ke riƙe nama. Abin lura a nan shi ne, duk abin da aka sa a jikin mutum, ko robar ƙarin ruwa ko ƙarfen ɗorin ƙashi, ba ya daɗewa jini ya shafe shi da irin waɗannan sinadarai. Watau jikinmu da kansa yake shimfiɗa wa baƙuwar tabarma. Da aka raba ƙwayar da badukun nan nata aka sa ta a jikin ɓeraye, sai ƙarfinta na sa cuta ya ragu ƙwarai. Baƙuwar kuma ba daga nesa take zuwa ba. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hanci, lafiyarsa lau, ya taɓa hanci ya taɓa ciwon ɗan'uwansa da ya je gaisarwa.

Bayan kamu sai gini. Ƙwayoyin suna ta rabuwa biyu biyu, suna fitar da wani sukari mai danƙo wanda yake da cajin tarawa, saboda haka yana liƙe wa ganuwar wannan da ta waccan, ya haɗa su kamar laka tsakanin tubala. Amma magini ya san laka zalla ba ta riƙe gini, sai an cuɗa ta da ramno. Ramnon wannan gini shi ne abin da ya fi ba ni mamaki cikin dukan zancen. Kowace ƙwaya tana da almakashinta na yanka ganuwar kanta, gama in ba ta tsaga ganuwar ba, ba ta iya rabuwa biyu. A cikin taron, waɗansu kaɗan almakashin nan ya kan wuce gona da iri a jikinsu, su fashe, dogon zaren gadonsu da ake kira DNA ya zube waje, ya sarƙe sauran. Gawar waɗansu ita ce ƙarfin gidan saura. Cikin 2002 masana a Ostireliya suka zuba sinadarin da ke yanka DNA a kan ƙwayar Pseudomonas, wadda take sa mugunya ta yi kore-kore a ciwon ƙuna. Yauƙi ya ƙi kafuwa, wanda bai daɗe da kafuwa ba kuma ya wargaje. Wanda ya riga ya tsufa kuwa bai ji jiki sosai ba.

Garin in ya kafu yana da tudu da kwari, da 'yan magudanai da ruwa yake bi ya kai abinci. Lokaci lokaci kuma waɗansu su ɓalle su bi jini ko fitsari, su je su kafa sabon ƙauye. Irin wannan ya kan kawo zazzaɓin da ke tafiya yana komowa.

Masu siririyar ganuwa su da gashi suka fi kamu. Daga rigarsu ta waje waɗansu siraran gasu suke fitowa, a bakin kowane da 'yar ƙugiya. Ta E. coli tana kama wani sukari da ke fatar cikin mafitsara, har fitsari ya bi ta kanta bai ɗauke ta ba. A robar fitsari abin ya fi yi musu sauƙi, domin roba ba ta da sojojin jini masu tsaron ta, ba ta kuma sake fata kamar jiki. Likitoci sun lissafta cewa kowace rana da roba ta ƙara a jiki, haɗarin shigar bakteriya cikin fitsari kashi 3 zuwa 7 ne cikin 100, wanda ya kai wata guda da ita kuwa kusan babu makawa. Akwai ma wata mai suna Proteus, wadda take juya fitsari ya zama kamar ruwan toka, sai gishirin da ke ciki ya daskare cikin yauƙin ya zama tsakuwa, ya toshe robar. Saboda haka in kana jinyar tsoho ko maijego da aka sa wa roba, ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita cikin ladabi ko har yanzu ana bukatarta. Kada dai ka cire da kanka. Kada kuma ka ɗora jakar fitsarin a kan gado don jin kunyar masu zuwa gaisuwa, gama in ta yi sama fitsarin zai koma ciki da duk abin da ke cikinsa.

Na haƙori kuwa, babu wata tsutsa da ke cin sa kamar yadda aka gaya mana muna yara. Cikin masu yin ɓarnar akwai wata ƙwaya mai suna Streptococcus mutans. Ƙugiyoyin ganuwarta suna kama yawun da ya shafe haƙori. Sukarin shayi da alewa da lemon kwalba ta kan mai da wani danƙo, wani kuma ta mai da shi tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori a ƙarƙashin yauƙin, inda yawu ba ya kaiwa ya wanke. Cikin 1965 Harald Löe a ƙasar Denmak ya sa waɗansu masu lafiyar baki su daina goge haƙori. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kamar mako guda, ba tare da an ba su magani ba. Man goge baki mai fuloraid yana ƙarfafa haƙori, amma wajen fid da yauƙi, ko da asuwaki ko da buroshi, gogar ita ce aikin.

Dalilin Da Kafso Ya Kasa

Yanzu mu komo ga kafson kawu. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙwayar da ke cikin yauƙi ta kan jure maganin da ya ninka wanda zai kashe 'yar'uwarta mai yawo sau 10, sau 100, wani lokaci har sau 1,000. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wani magani yauƙin ne yake riƙe shi a bakin ƙofa, sai ya shiga a hankali. Sojojin jini, waɗanda suka saba haɗiye ƙwaya ɗaya ɗaya, ba su iya haɗiye gari guda, sai su taru a gefe suna zubar da dafinsu, dafin ya yi ta cin naman mai ciwo, ciwon ya ƙi rufewa. Amma dalilin da ya shafi ganuwa shi ne wanda na ce a riƙe. A can ƙasan yauƙi abinci da iska ba sa isa, saboda haka ƙwayoyin wurin sun daina girma, sun daina gini, suna kwance kamar gaiwa cikin busasshiyar laka da rani. Fenisilin da danginsa, su amfisilin da amoksisilin, mai gini suke kamawa, wanda ya ajiye aiki sai su wuce shi. Tun cikin 1944 wani likita ɗan ƙasar Ailan, Joseph Bigger, ya lura cewa fenisilin ba ya ƙare ƙwayar maruru duka. Kullum akwai 'yan kaɗan masu barci da suke saura, in an janye magani su farka su ci gaba daga inda suka tsaya.

Wannan ne ya sa wani lokaci takardar awo ta ce magani kaza zai ci ƙwayar, a sha, ciwo ya lafa, ya kuma komo. Awon bai yi ƙarya ba, a kan masu yawo aka yi shi. Cikin 2008 masana a Amurka suka duba naman ciwo da madubi mai ƙarfi. Cikin tsofaffin raunuka 50 da suka ƙi warkewa sun ga yauƙi a 30, cikin sababbi 16 kuwa a 1 kaɗai.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Cikin 2012 aka nuna cewa in aka ba waɗansu irin ƙwayar maruru magani dangin fenisilin ɗan kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba, sai ya tsokani almakashin nan na ganuwa, DNA ya zuba, yauƙi ya ƙara kauri. An ga makamancin haka tun 2005 ga Pseudomonas da E. coli, da magani dangin jentamaisin. A ɗakin gwaji aka ga wannan, amma ya isa ya sa mutum tunani a kan al'adarmu ta shiga kemis a ce a ba ni kafso na naira kaza, a sha biyu yau, ɗaya gobe, sauran a ajiye a aljihun riga. An kashe maciji ba a sare kansa ba, har ma an taya shi gyaran rami. Fleming da kansa ya yi kashedi cikin 1945, sa'ad da yake karɓar kyautar Nobel, cewa shan abin da bai isa ba zai koya wa ƙwayoyin jure magani. A cikin cunkoson yauƙi kuma suna miƙa wa juna gadon taurin kai ga magani cikin sauƙi. Wani babban lissafi da aka buga cikin 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, in aka kwatanta da yawan jama'a kuwa, Afirka ta Yamma abin ya fi shafa. Ban ɗora laifin duka a kan marar lafiya ba. Wanda kuɗinsa na kafso huɗu ne, huɗu zai saya. Amma in dangi za su haɗa kuɗin dubiya, gara su fara cika masa maganin da likita ya rubuta kafin su sayi lemo da madara.

Ƙwayar tarin fuka da 'yar'uwarta ta kuturta tasu ganuwar daban ce, gama a kan saƙar akwai wani kaki mai kauri. Wannan kaki ne yake sa ƙwayoyin tarin fuka su manne da juna su yi kamar tukakkiyar igiya, abin da aka gani tun zamanin Koch. Cikin 2008 masana a Pittsburgh ta Amurka suka nuna cewa ita ma tana yin yauƙi mai cike da maiƙon ganuwarta, a cikinsa kuwa akwai masu tsira daga magani. Cikin 2021 masana a Indiya suka ba da labarin ganin irin wannan taro a cikin huhun dabbobi da na mutane. Ana ganin yana cikin dalilan da suka sa maganin tarin fuka yake ɗaukar wata 6 ga yawancin masu shi, alhali tari ya kan lafa tun a watannin farko. Wanda ya daina a wata na biyu don ya ji sauƙi, masu yawo ya kashe, na kwance suna nan.

Kada dai a ce kowane yauƙi abokin gaba ne. A irin gidajen ruwan da ake tacewa da yashi a hankali, yauƙin da ke kafuwa bisa yashin shi ne yake cinye yawancin ƙwayoyin cutar, a tumbin saniya kuma bakteriyar da ke manne wa ciyawa ita take narkar mata da ita. Na randa laifinsa shi ne ya kan zama masauki. Moɗar da aka ajiye a ƙasa, ko hannun yaron da ya fito daga bayan gida, in suka kawo ƙwayar zawo za ta iya samun wurin laɓewa a ciki, kuma sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa ya fi cin masu yawo. Zuba sabon ruwa a kan tsoho ba wanki ba ne. A juye randar ko sau ɗaya a mako, a dirje cikinta da soso da sabulu, a ɗauraye, a bar ta ta sha rana. Jarka mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga, a zuba mata tsabtatacciyar tsakuwa da ruwan sabulu a girgiza sosai.

Kankarar ciwo kam aikin ma'aikatan lafiya ne, kada wani ya karanta wannan ya ɗauki reza a gida. Kawuna sai da aka yi ta kankare masa nasa sau biyu a mako, domin yauƙin da aka cire ya kan sake kafuwa cikin kwana 2 zuwa 3, a wannan ɗan tsakani ne wanki da magani suke samun shiga. Aka kuma auna jininsa aka tarar yana da ciwon sukari bai sani ba, wanda shi ma yake hana ciwo rufewa, aka sa shi a kan maganinsa. Wanda aka rubuta masa domin ƙafar ya sha shi har ƙarshe, ba don yana so ba, sai don matarsa ta tsaya a kansa safe da yamma. A wata na uku fata ta rufe, tabon yana nan kamar faɗin tafin hannun yaro. Har yanzu in aka ambaci ma'aikaciyar nan sai ya girgiza kai ya ce hannunta ba sauƙi, amma da kaka ta yi ya aika mata da ƙwaryar gyaɗa.